Ai Karatunki Ke Nan

Renata Dudek ta fara makara a aji ne a mako na uku na shekararmu ta ƙarshe a jami'a. Ta shigo gashi a jiƙe, ta zauna kusa da ni tana haki, na raɗa mata cewa rigarta a juye take. Ta duba, ta yi murmushin yaƙe.

"Mama ce ta ƙi wanka," in ji ta. "Wai ba ta san ni ba, ba za ta tuɓe gaban baƙuwa ba."

Digirin farko muke yi a fannin aikin jin daɗin jama'a, kuma mu biyu ne tsofaffin ajin, ni arba'in da ɗaya, ita talatin da takwas. Shekara shida ta yi tana jan karatun nan kaɗan-kaɗan, tana haɗawa da aikin jera kaya a wani kanti. Abin da ya rage mana darussa biyu ne, sai sa'o'i ɗari huɗu na sanin makamar aiki. Ni aka tura ni asibitin garinmu. Ita aka tura ta gidan da ake ɓoye matan da suka gudo daga dukan mazajensu, kuma tun makon farko matan suka riƙe ta, don Renata ta iya sauraro. Sai ka yi awa guda kana zuba mata damuwarka ba ta ɗaga ido ta dubi agogo ba.

Mahaifiyarta Irene ciwon mantuwa ya kama ta. A watan Agusta ta ɗora tukunya ta manta har labulen kicin ya kama wuta. Sai 'ya'yanta maza biyu, Lenny babba da Curtis auta, suka zauna suka yanke shawara, ba da Renata a wurin ba, cewa ta saki ɗakin da take haya ta dawo gida na ɗan lokaci. Ba ta da miji, ba ta da 'ya'ya. Ta bar aikin kantin, ta kwaso littattafanta ta koma ɗakin da ta yi ƙuruciya.

Ina wurin ranar Lahadin da ta nemi su taimaka. Na je ne mu yi bitar jarrabawa, na tarar da su duka a kicin sun dawo daga coci, suna cin kabejin da ta naɗe da nama tun da sassafe. Ta manna takarda a jikin firij. Talata da Alhamis da Juma'a tana aiki a gidan matan daga takwas zuwa huɗu. Tsohuwar maƙwabciyarsu da ke zama da Mama ta ce ƙarfinta ya ƙare. Kwana uku, mutum uku: Lenny da matarsa da Curtis. Sauran kwanakin da duk dare nata ne, ba ta ma sa su a takardar ba.

Lenny ya juya kujera ya dubi firij ɗin, ya bushe da dariya.

"Kai, ku ga Farfesa da allonta! Yanzu har aikin gida za ki ba mu, Reni? Shagon taya ba ya buɗe kansa fa."

"Kana da ma'aikata huɗu, Lenny."

"Da na juya baya sun sayar da shagon sun raba."

Curtis ya sunkuyar da kai. "Ni Allah ya sani, zuciyata ce ba ta ɗauka. In na ga Mama a haka sai in yi kwana biyu ban ci abinci ba." Yana faɗa yana miƙa hannu ya ɗauki naɗin kabeji na uku.

Denise matar Lenny ta dafa hannun Renata, murya a sanyaye kamar mai ta'aziyya. "Ni da zan zo, amma kin san Mama ba ta taɓa sona ba. Ga ciwon bayana. Kuma ke kin san dabarun abin, an koya miki. Mu in muka sa hannu ɓatawa za mu yi."

"Ba jinya nake karanta ba, Denise. Ba wanda ya koya mini yadda ake ɗaga mutum daga bahon wanka."

"Duk ɗaya ne," in ji Lenny. "Taimakon mutane ne ko ba shi ba? To ga mutum nan zaune. Ai karatunki ke nan. Kina can kina share hawayen matan da ba ki san daga inda suka fito ba, uwar da ta haife ki tana nan."

Irene, wadda tun da aka fara maganar take wasa da cokali, ta miƙa hannu ta shafa kumatun Lenny. "Ɗana na kirki, ya zo ya gan ni." Sannan ta juyo ga Renata. "Ke, yarinya, ki kawo masa kofi mana."

Ta tashi ta kawo. Suna gama ci suka sumbaci Mama a goshi suka tafi, suka bar kwanonin. Ni da ita muka wanke. Ba mu buɗe littafi ba ranar.

Daga nan abin ya riƙa gangarawa. Wata rana Renata ta biya wata mata ta zauna da Mama, Irene ta jefe ta da faranti, matar ba ta sake dawowa ba. Wata rana ta roƙi wata 'yar coci. Ranar da ba ta sami kowa ba sai ta buga waya wurin aiki ta ce ba ta da lafiya. Irene ta daina riƙe fitsari, sannan ta daina riƙe bayan gida. Ta fara ɓoye abinci cikin takalma. Ta fara cizo in za a canza mata kaya. Na ga shatin haƙoran a damtsen Renata ranar da ta naɗe hannun riga za ta wanke hannu, ta yi sauri ta sauke.

A aji muna karanta alamomin gajiyar mai jinya: rashin barci, rama, mantuwa, fushi ba dalili, janyewa daga mutane. Malami yana lissafawa a allo, 'yan yaran ajin suna kwafa, ga amsar nan zaune a gefena ta kife kai a kan tebur tana barci. Ita da ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ta miƙa takardar rabin zango da shafi biyu babu komai.

Curtis kuwa kullum sai ya aiko saƙo a waya: "Yaya Mama? Ki sumbace ta a madadina." Lenny yakan zo ranar Lahadi da kwalin kek, ya ɗauki hoto da Mama ya sa a intanet, mutane su yi ta sa masa albarka.

A watan Nuwamba Renata ta samo mafita da kanta, da ilimin nata da suke yi wa ba'a. Akwai cibiyar da tsofaffi ke wuni, mota ta zo ta ɗauke su da safe ta dawo da su da yamma. Ta yi ta bin layi, ta cike takardu, ta samo wa Mama gurbi. Sa hannu ɗaya ya rage, kuma ba nata ba ne. Tun mahaifinsu na da rai aka rubuta wa Lenny takardar wakilci a gaban lauya, duk abin da ya shafi lafiyar Irene sai da yardarsa.

Ni na kai ta shagon a motata. Muka same shi a ofis, ƙafa a kan tebur, yana shan kofi, ma'aikatansa huɗu suna ta aiki a waje. Ya karanta layin farko ya ture takardar.

"Na yi wa Baba alkawari yana kan gadon mutuwa. Ba mai kai Mama hannun bare."

"Wuni ne kawai, Lenny. Takwas zuwa huɗu. A gida za ta kwana."

"Haka ake farawa. Yau wuni, gobe a jefar da ita gidan tsofaffi a manta. Me za a ce a coci? Mace da 'ya'ya uku a raye, mota na zuwa tana kwasarta kamar kayan wanki?"

"Kai ka yi alkawarin, ni nake cikawa."

Fuskarsa ta yi ja. "Ki iya bakinki. In abin ya yi miki yawa ki ajiye karatun shekara guda mana. Jami'a guduwa za ta yi? Shekara shida kina abu ɗaya, ta bakwai ce za ta kashe ki?"

Na buɗe baki, ya nuna ni da yatsa. "Ke kuma, Jolene, wannan maganar gida ce."

Renata ta ɗauki takardarta ta ninke. A mota ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙa kallon hannayenta, sun tsattsage saboda ruwa da sabulu. Mako biyu bayan haka aka ba wani gurbin.

Zuwa watan Fabrairu ta yi fashin kwana goma sha ɗaya. Misis Whitlock, shugabar gidan matan, ta kira ta ofis. Ba muguwa ba ce. Ta ce mata a cikin ɗaliban da suka taɓa zuwa ba ta ga mai baiwarta ba, amma matan gidan nan mutane sun sha yi musu alkawari suna saɓawa, ba za ta ƙara musu wata ba. Akwai wata mata da Renata ta yi wata huɗu tana lallashi har ta yarda za ta je kotu ranar Alhamis ta nemi a hana mijinta kusantarta. Matar ta ce in ba da Renata ba, ba ta zuwa.

"Ki zo ranar Alhamis," in ji Misis Whitlock. "In ba ki zo ba, ba abin da zan iya rubuta wa makarantarku sai gaskiya."

Renata ta roƙi Lenny. Roƙo na gaske, har da hawaye. Ya ce to, to, ya ji, ta daina yi masa kuka a waya, zai zo.

Kuma ya zo. Ƙarfe bakwai da rabi ya shigo, ya zauna a kujerar babansu ya kunna talabijin. Ta nuna masa magungunan, ta nuna masa sakatar da ta sa a saman ƙofa inda hannun Mama ba ya kaiwa, ta ce ko banɗaki zai shiga ya tabbata a rufe take. Ya ce, "Je ki, Farfesa, uwata ce fa."

Ƙarfe goma abokansa suka kira shi, wai kifi na ci a tafkin da sanyi ya daskarar, sun huda ƙanƙarar sun kafa rumfa a kai. Ya leƙa ya ga Mama na gyangyaɗi. Ya fita. Sakatar daga ciki take, mai fita ba ya iya sa ta.

Wani direban bas ne ya ga Irene wajen sha biyu, layi shida daga gida, kwance a gefen titi cikin rigar barci da silifa ɗaya. Ta zame a kan ƙanƙara, ƙashin ƙugunta ya karye, yatsun ƙafarta biyu sun daskare. A lokacin Renata na zaune a kotu, waya a kashe, tana riƙe da hannun matar nan har alƙali ya sa hannu.

Asibitin da nake aiki aka kawo Irene, don haka abin da ya biyo baya da idona na gani. Doka ce, in aka tsinci tsoho a irin wannan hali sai an sanar da ofishin kare tsofaffi. Suka turo wata jami'a mai furfura, ta tara su a ɗan ɗakin da ake ganawa da iyalai. Renata ta roƙi a bar ni in zauna.

Jami'ar ta buɗe fayil. Renata ta san takardar, mun yi jarrabawa a kanta. Ina kallon leɓenta yana motsi, tana riga matar karanta tambayoyin.

"Wa ke kula da ita yau da kullum?"

"Renata," in ji Lenny da Denise a tare.

"Yau da safe wa aka bari da ita?"

Lenny ya gyara zama. Har yanzu takalman kamun kifi ne a ƙafarsa. "Ni dai na biyo ne in gaishe ta, kamar yadda na saba. Na ɗauka Reni tana sama. Da na san ta fita, zan bar uwata ita kaɗai?"

Renata ta dube shi kamar wanda ya yi magana da wani yare.

"Lenny. Na nuna maka maganin. Na nuna maka sakatar."

"Ba na so in ɗora mata laifi," ya ce wa jami'ar, bai ko kalle ta ba. "Ta gaji ne. Karatun nan ya sha mata kai, tana mantuwa. Mun sha ce mata ta ajiye."

"Mun sha faɗa," in ji Denise, tana share ido.

Jami'ar ta juya ga Curtis. Ya san gaskiya, don da bakinsa ya gaya mini daga baya cewa Lenny ya kira shi daga kan tafkin yana cewa ya leƙa Mama in ya samu sarari.

"Ni ba na nan," in ji Curtis. "Ban san komai ba. Zan iya fita? Warin asibiti na tayar mini da zuciya."

Na ce Lenny ƙarya yake yi, na ce na ji lokacin da Renata ta roƙe shi. Jami'ar ta rubuta, ta tambaye ni ko ina gidan da safen. Ba na nan. Ta rubuta wannan ma. Aikinta ta yi, ban ga laifinta ba. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ita ba ta da yadda za ta gane a zama ɗaya.

Aka buɗe bincike da sunan Renata. Gidan matan ba zai iya riƙe ɗalibar da ake bincike a kanta kan sakaci da mai rauni ba, Misis Whitlock ta gaya mata haka idonta cike da ƙwalla. Sa'o'i ɗari biyu da tamanin ta yi. Makaranta ta ce ta dawo baɗi ta sake daga farko in an wanke ta.

An wanke ta, bayan wata huɗu. Wani maƙwabci ya ce ya ga motar Lenny tun bakwai da rabi har goma. Takardar ta zo, layi uku, ba a sami hujja a kanta ba. Ba a yi wa Lenny komai ba. A lokacin mun riga mun sa hula da riga mun karɓi shaidarmu. Lenny ya karanta takardar ya ce, "To kin gani, ba ga shi ya wuce ba? Kin yi ta ɗaga hankalin mutane."

Irene ba ta sake takawa ba. Cibiyar wuni ba ta karɓar wanda ba ya tashi, gidan jinya kuwa Lenny ya ce sai dai bayan ransa. Aka kawo gadon asibiti aka kafa a falo. Baɗin ta zo ta wuce. Renata na juya ta duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo, tana ba ta abinci da cokalin shayi, tana wanke ta. Wata goma sha tara. Nakan je ranar Asabar in karɓe ta ta yi barci, wannan ne kawai abin da na iya, kuma har yau ina jin kunyar ƙanƙantarsa.

Da Irene ta rasu aka yi walimar jana'iza a zauren coci. Mutum ya fi ɗari. Lenny ya miƙe cikin baƙar kwat, ya buga cokali a jikin kofi.

"Abu ɗaya nake alfahari da shi," ya ce. "Mun riƙe Mama a gida har numfashinta na ƙarshe. An so a kai ta wani wuri, na ce a'a. Ba sauƙi, Allah ya sani, ni da Denise da Curtis mun sha wuya. Amma mun cika wa Baba alkawari."

Aka tafa. Wasu tsofaffin mata suka tashi suka rungume shi. Fada, limamin cocin, ya dafa kafaɗarsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Lenny, wane irin magani take sha da safe?"

Kowa ya juyo, na ci gaba.

"Suna ɗaya kawai. Ko ka gaya mana ta wane gefe take kwanciya in ƙugun na mata ciwo. Curtis, kai fa? Denise?"

"Ki ji tsoron Allah, Jolene," in ji Denise. "A gaban gawa?"

Gawar tana maƙabarta tun awa biyu. Wani dattijo ya kama hannuna ya ce ba ranar wannan ba ce. Na tambaye shi wace rana ce ranar, ya saki hannuna ya koma kujerarsa. Aka ci gaba da cin abinci, ana kallona ƙasa-ƙasa kamar ni ce na yi abin kunya.

Na sami Renata a kicin ɗin cocin, ta naɗe hannun baƙar rigarta tana kankare tire. Ta ji komai ta tagar miƙa abinci.

"Da kin bar shi," ta ce.

"An buɗe rajista," na ce. "Misis Whitlock ta ce ko gobe kika zo za ta karɓe ki. Shekara ɗaya ce, Renata."

Ta kashe famfo.

"Jiya wata mata ta tsayar da ni a kantin magani tana gaya mini ciwon mijinta. Kin san abin da na ji? Ji na yi kamar in toshe mata baki. Babu sauran komai a nan, Jolene." Ta dafa ƙirjinta da jiƙaƙƙen hannu. "Sun kwashe. Wa zan saurara?"

Ba ta koma ba. Tana aiki yanzu a wani ɗakin ajiyar kaya a bayan gari, inda ba mai yi mata magana daga safe har yamma, ta ce haka ta fi so. Lenny an zaɓe shi cikin kwamitin cocin da ke ziyartar marasa lafiya.

Ni kuwa ofishin kula da tsofaffi na shiga, gida-gida nake bi. Kusan ko'ina akwai mai tarbata a bakin ƙofa da murya mai ƙarfi, ya zaunar da ni a falo ya ce, "Mu ne muke kula da ita, mu ba ma kai namu hannun bare." Ina barinsa ya gama. Sannan in rufe fayil ɗin, in tashi in bi ƙarar injin wanki har in sami wadda ba a gabatar mini da ita ba. In ja mata kujera, in ce ta zauna. Yawancinsu sai sun waiwaya tukuna, su ga ko da wata nake.